Hedfon Mai Girgiza Kai: Ya Cancanci Kuɗinsa Kuwa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina yawan buga gem a waya da kwamfuta, musamman PUBG da Call of Duty, wani lokaci kuma in kalli fim da daddare. Na tara 'yan kuɗi zan sayi hedfon mai kyau. Wani abokina ya ce in sayi irin mai girgizar nan, wai idan bam ya tashi har a ƙoƙon kanka za ka ji, kamar kana wajen. Wani kuma ya ce asarar kuɗi kawai zan yi. Don Allah mene ne gaskiyar abin? Kuma ba ya yi wa kunne ko ƙwaƙwalwa illa?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Idan na fahimce ka da kyau, abu uku kake son sani: me girgizar take yi, ko za ta amfane ka a irin wasannin da kake bugawa, sannan ko akwai cutarwa a cikinta. Ni dai aikina sauti ne. Daga ɗaukar sifiku a gidajen biki na faro, har na kai ga zama a situdiyo ina haɗa kiɗa da muryoyi, a gefe guda kuma ina buɗe hedfon da suka mutu in ga ko za su tashi. Masu girgizar nan da dama sun ratsa ta hannuna, masu tsada da na banza.

Abokan nan naka kowanne ya riƙe rabin gaskiya. Na farkon bai yi maka ƙarya ba, lallai za ka ji bam ɗin a ƙashin kanka. Na biyun ma yana da hujjarsa. Ni a ganina girgiza tamkar yaji ce a kan tsire. In naman mai kyau ne, yaji ya ƙara masa armashi, amma ka san da yajin ne mai naman kwana yake rufa wa kansa asiri. Saboda haka duk hedfon da za ka saya, ka saye shi don yadda yake fitar da sauti a lokacin da girgizar take kashe. Bari in warware maka dalili.

Abin da ke motsi a cikin kunnen hedfon

Sauti ai kaɗawar iska ce. Kunnen matashi mai lafiya yana kama kaɗawa daga kimanin sau 20 a sakan ɗaya har zuwa sau 20,000. Na ƙasa-ƙasan nan shi ne sauti mai kauri da muke ce wa bes: rugugin hadari, tambari, injin babbar mota. Kunne ba shi da ƙarfi sosai a wannan ɓangaren, sai an ƙara masa ƙara ninkin ba ninkin kafin ya ji shi daidai da muryar mutum. Tun a 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka auna wannan suka fitar da shi a rubuce, kuma har yau masu aikin sauti da irin wannan awon suke lissafi.

To amma ba da kunne kaɗai muke jin bes ba. Tuna ranar hawan sallah idan 'yan bindiga suka saki wuta kusa da kai, ko ka tsaya dab da manyan sifiku a wajen biki har ƙafar wandonka tana kaɗawa. A ƙirji kake jin abin, a ciki, a tafin ƙafa. Fatar ɗan Adam tana da jijiyoyin da aikinsu kama girgiza, kuma sun fi kaifi a wajajen sau 200 zuwa 300 a sakan. Akwai wata shahararriyar makaɗiya 'yar Sukotland, Evelyn Glennie, wadda ta kurumce tun tana yarinya. Ba takalmi take hawa dandamali, don ta riƙa jin kiɗan ta ƙafafunta.

Hedfon kuwa 'yar sifikar da ke cikinsa yawanci faɗinta bai wuce milimita 40 ko 50 ba. Za ta iya kai bes cikin kunnenka sarai, amma ba ta da ƙarfin tura iskar da za ta daki jikinka. Wannan giɓin kamfanoni suke son cikewa. Sai su ƙara wani abu na biyu a bayan sifikar: ɗan nauyi a kan sifirin, da maganaɗisu da koyil. Duk lokacin da sauti mai kauri ya zo, nauyin ya riƙa kai da komo, kunnen hedfon ɗin ya jijjiga, fatar da ke kewaye da kunnenka da ƙashin muƙamuƙinka su ɗauka. Ƙwaƙwalwa ta haɗa abin da kunne ya ji da abin da fata ta ji, ta ce maka ga ƙaton bes nan. Dabara ce mai kyau, kuma tana aiki. Sai dai ka lura, taɓi aka ƙara maka. Sautin da sifikar ke fitarwa yana nan yadda yake, in mai kyau ne mai kyau, in gwangwani ne gwangwani.

A jikin wasu kwalaye za ka ga an yi amfani da kalmar Turancin nan "force feedback" da ake yi wa sitiyarin wasan tseren mota, wato irin wanda ke turjewa a hannunka idan ka shiga kwana, kamar Logitech G29. Wannan zuƙi ta malle ce ta 'yan talla. Sitiyari yana ture hannunka da gaske. Hedfon ba ya ture kanka ko'ina, karkarwa kawai yake yi, kuma gara da haka.

Tsohon zance ne

Kada wani ya ce maka sabuwar fasaha ce. Tun shekarun 1990 Panasonic yake haɗa 'yan rediyon kaset da na faifai masu suna Shockwave da hedfon mai girgiza. Sony ya fitar da nasa don PlayStation 3 a 2012. Skullcandy, wani kamfani da ke jihar Utah a Amurka, ya fito da Crusher a 2013, wanda har batirin AA ake saka masa a kunne ɗaya don ya ciyar da girgizar, daga baya suka yi marar waya, suka yi Crusher Evo a 2020. Razer ya kawo Nari Ultimate a 2018 da fasahar wani ƙaramin kamfanin Jamus mai suna Lofelt, wanda Meta, uwar Facebook, ta saye a 2022. Corsair ma ya gwada da HS60 Haptic a 2020.

Abin da nake so ka gani a wannan jerin shi ne, kusan shekara talatin ke nan abin yana zuwa yana komawa, bai taɓa zama dole ba. Kwatanta shi da hannun gem. Nintendo ya saka masa girgiza a 1997, Sony ya bi da DualShock, yau kuwa ko a gidan gem na bayan layi in aka ba yaro hannun da ba ya girgiza sai ya ce ya lalace. Me ya sa ɗaya ya zauna da gindinsa, ɗayan yana ta yawo?

Babban dalilin shi ne wanda ke ba da umarni. A hannun gem, wasan ne da kansa yake cewa "girgiza yanzu, an harbe shi", ko "girgiza kaɗan, taya ta hau tsakuwa". Saƙo ne mai ma'ana. Yawancin hedfon kuwa ba su san abin da ke faruwa a wasan ba. Sauraron sautin suke yi, duk abin da ya yi kauri su jijjiga. Bam ya tashi, su jijjiga. Kiɗan bayan fage ya buga ganga, su jijjiga. Abokin wasanka mai babbar murya ya ce "ku taho nan", su jijjiga, domin muryar namiji baligi gindinta yana tsakanin sau 85 zuwa 180 a sakan, daidai inda na'urar take farauta. Razer ya fara ƙoƙarin haɗa girgizar kai tsaye da wasanni a sababbin kayansa na 2024, amma wasannin da suka karɓi tsarin 'yan kaɗan ne, kuma hedfon ɗin da ke ɗauke da shi, Kraken V4 Pro, a kan dala 400 ya fito.

Masu girgiza iri biyu ne, kuma tazararsu da nisa

Wata rana wani yaro ya kawo mini hedfon ɗinsa na gem, irin mai fitilu ja da shuɗin nan, da aka rubuta 7.1 ɓaro-ɓaro a jikin kwalin. Ƙorafinsa shi ne kunnen hagu yana ƙara kamar an kulle ƙuda a gwangwani. Na kwance sukurori huɗu na ɗaga murfin. Abin da na tarar shi ne ɗan injin nan da ke sa waya karkarwa idan an kira ka, mai guntun ƙarfe a karkace a bakinsa, an manna shi da gam a jikin roba, gam ɗin kuma ya saki saboda zafi. Irin wannan injin juyawa yake yi, sai ya ɗauki lokaci kafin ya kai gudu, ya kuma ɗauki lokaci kafin ya tsaya. Harbin bindiga ya riga ya wuce, shi kuma yanzu yake farkawa. Kuma salon karkarwarsa ɗaya ne tak, ko bam ne, ko ƙofa aka rufe, ko mai sharhin ƙwallo ne ya yi gyaran murya. Na sake manna masa, na kuma ce idan ya ji shawarata ya bar makunnin a kashe. Kusan duk masu arahar da za ka gani a kasuwa haka cikinsu yake. Waɗannan ko kyauta aka ba ka, girgizar ba ta da wani amfani.

Na gasken, irin su Crusher da na Razer da Corsair, nauyin da ke cikinsu yana bin sautin sawu da ƙafa, kamar yadda sifika take yi. Rugugin jirgi mai saukar ungulu daban za ka ji shi, dukan ganga daban. A nan ne abin yake da daɗi, kuma ba zan ɓoye maka ba, ranar da na fara saka Crusher na kunna wani fim na yaƙi sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Amma HS60 Haptic da Crusher Evo da Nari Ultimate daga wajen dala 130 zuwa 200 suka fito, ka lissafa da canjin yau ka ga inda ka tsaya. Idan mai shago ya miƙo maka Crusher sabo dal a kwali a kan kuɗin da bai kai rubu'in wannan ba, jabu ne, ba sai an buɗe ba.

A wasannin da kake bugawa

Nan ne zan fi ja maka kunne. PUBG da Call of Duty wasanni ne da kunne yake cin rabin yaƙi. Abin da ke raba mai rai da gawa shi ne ka ji takun mutum a saman bene, ka san ta hagu yake ko ta dama, ka ji ƙarar canza harsashi a bayan katanga. Waɗannan ƙananan sautuka ne, sirara, a tsakiya da saman ma'aunin kaɗawar sauti suke. Kuma dokar kunne ce cewa sauti mai kauri idan ya yi ƙarfi yana danne siraran da ke samansa, kamar yadda janareta ke cinye hirar mutanen da ke zaune kusa da shi. Girgizar kanta ba shiru take yi ba, tana da ɗan gurnaninta da ke bi ta roba da ƙashi ya shiga kunne. Ga shi kuma bes ba ya nuna alƙibla sosai, shi ya sa a falo ko'ina ka ajiye babbar sifikar bes ba ka cika gane daga inda take bugowa ba. Wato ka biya kuɗi an ƙara maka abin da ba ya gaya maka inda maƙiyi yake, yana kuma rufe abin da ke gaya maka. Dubi masu buga gasar duniya a kan dandamali: ƙananan iyafis suke cusawa a kunne, su ɗora babban hedfon a kai don ya toshe ihun 'yan kallo. Tsabtar sauti suke nema.

Sai maganar waya, tunda ka ce a kanta kake yawan bugawa. Crusher na yanzu da Bluetooth suke aiki, shi kuwa Bluetooth yana da jinkiri, sau da yawa har kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan. A waƙa ba za ka lura ba, a fim ma manhajar takan daidaita hoton da sautin. A gem kuwa za ka danna harbi, ka ga wuta, sannan ƙarar ta iso. Sai dai ka jona masa igiyarsa, in wayarka tana da ramin. Wasu kuma, kamar HS60 Haptic, da USB aka yi su don kwamfuta. Kafin ka biya ka tabbatar girgizar tana aiki a kan na'urar da kake da ita, domin na ga waɗanda suka sayo suka dawo gida suka tarar sauti yana fita amma girgizar shiru.

Fim da daddare, wannan kam gidansa ne. Haka wasan tseren mota, da wasannin labari da kake bugawa kai kaɗai ba ka gasa da kowa, da kiɗa mai nauyin ganga. Mutumin da ke ɗakin haya ko ɗakin kwanan ɗalibai, wanda ba shi da halin kunna babbar sifika ƙarfe goma sha biyun dare, zai samu wani abu mai kama da sinima ba tare da ya tashi maƙwabci ba. Karatun Alƙur'ani, wa'azi, darasi ko labarai kuwa, kashewa za ka yi, don ba ka son muƙamuƙinka yana rawa duk lokacin da malam ya ja numfashi.

Wani abin da masu talla ba sa faɗa shi ne sabo. Fata tana saurin sabawa da girgiza, kamar yadda kake manta da karkarwar mota bayan kun ɗau hanya. Satin farko za ka ƙure makunnin, kana kiran abokai su zo su gwada. Zuwa wata guda, yawancin waɗanda na sani sun dawo da shi ƙasa-ƙasa, wasu sun manta ma yana nan. Nauyin da kuɗin kuwa suna nan.

Na ce nauyi, don ba ƙaramin abu ba ne. Nari Ultimate ya haura giram 400, Crusher Evo ya ɗan wuce 300, alhali hedfon mai igiya mai kyau da yawa ba su kai haka ba. A awa ta uku wuyanka zai gaya maka bambancin. Batir ma yana ji a jikinsa: Razer da kansa ya rubuta cewa Nari Ultimate yana kai awa 20 in an kashe girgiza da fitilu, amma awa 8 in suna kunne. Ga wanda wuta ke zuwar masa yadda ta ga dama, wannan lissafi ne. Ƙara da zafinmu na watan Afrilu. Domin girgizar ta ratsa, dole soson ya matse kunne, kuma yawanci fatar roba ce, gumi ya jiƙa ta, kafin shekara ta zagayo ta fara saɓulewa tana bar maka baƙin ɓurɓushi a wuyan riga. In kana saka tabarau, sandunansa ma za su riƙa kaɗawa a bayan kunnenka.

Maganar illa

Girgizar da hedfon ke yi ba ta kama ƙafar wadda kanka ke sha a cikin A Daidaita Sahu a kan hanya mai gargada ba. Abin tsoron yana wajen ƙarar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi zai iya sauraron desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) har awa 40 a mako ba tare da fargaba ba, yara kuma 75. Duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokacin biyu, don haka in ka kai wajen 100, 'yan mintoci ne rabonka a mako. Hukumar ta kuma ce matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraro. Ƙananan gasun da ke can cikin kunne, masu mayar da kaɗawa ta zama ji, in suka mutu ba sa sake tsirowa.

A ƙa'ida girgiza ma tana iya taimakawa, tunda kana jin nauyin bes ba sai ka ƙure ƙara ba. A aikace kuwa abin da na fi gani shi ne akasin haka: girgizar ta danne muryoyi, mutum ya ƙara ƙara don ya ji maganar, sai su tashi tare. Wasu kuma tana sa musu ciwon kai ko ɗan jiri bayan awa ɗaya, musamman masu fama da ciwon ɓarin kai. Ni ba likita ba ne, iyakata na'ura. Idan ka cire hedfon ka ji kunnenka yana ƙugi ko shiii, ko maganar mutane ta koma kamar daga cikin rijiya, ka rage ƙara daga ranar, in abin ya ƙi wucewa ka je asibiti ɓangaren kunne, hanci da maƙogwaro.

Ga wata illar da ba ta jiki ba, ko da wata rana za ka shiga harkar haɗa sauti ko bidiyo. Wani matashin mawaƙi ya taɓa kawo mini waƙar da ya haɗa a gida, yana ta yabon yadda bes ɗinta ke dukan kai. Muka ɗora a sifikun situdiyo, sai ga waƙa siririya kamar an tatse ta, gangar kamar ana buga faranti. Ya rantse ba haka take ba. Da na tambaye shi da me ya yi aikin, sai ya zaro hedfon mai girgiza daga jaka. Yana jin kansa na rawa, sai ya yi ta rage bes a cikin waƙar yana zaton ya yi yawa. Kwana biyu muka yi muna mayar da abin da ya cire. Na san kunnena ya saba da sauti marar ƙari saboda aikina, don haka ina iya fin wani tsanani a kan wannan. Akwai mutanen da bes ne rayuwarsu, suna da Crusher shekara da shekaru kuma ba su taɓa nadama ba. Daɗin kunne ba a yi wa wani hukunci a kansa.

Da ni ne da kuɗinka

Tunda gasa ce ta fi yawa a wasanka, kuma kuɗin tarawa ka yi, zan sayi hedfon mai igiya marar girgiza, mai sauƙin nauyi, wanda ake iya canza masa soso da igiya. Duk nairar da ka biya ta tafi kan sautin ke nan, ba a raba ta da inji da batir da fitilu ba. In dare ya yi za ka kalli fim, ka shiga ikwalaizar waya ko kwamfuta, wato wajen saita kauri da sirantar sauti, ka ɗaga bes kaɗan, da safe ka mayar. Idan wata rana hali ya samu kuma tseren mota ya shiga ranka, akwai na'urar da ake ɗaurawa a ƙarƙashin kujera, irin su ButtKicker, tana kai girgizar inda jiki ya saba jin ta, wato baya da cinya, kanka kuma ya huta. Sai dai tana son amfilifaya da wuta tsayayya.

In kuwa zuciyarka ta riga ta tafi, to ka nemi wanda makunnin girgizarsa ake ja sama da ƙasa har zuwa sifili, kada ka karɓi mai kunnawa da kashewa kawai. Kuma kada ka saya ta hoto. Ka je da wayarka, ko Farm Centre ne a Kano ko duk kasuwar da ke kusa da kai, ka tafi da abu uku a ciki: muryar mutum yana magana, wani yanki na fim da ka sani sosai, da gem ɗinka. Fara da girgizar a kashe, ka saurari muryar, ka ji ko tana fita tas ko kamar an rufe bakin mai maganar da bargo. Sannan ka ɗaga ta rabi, ka shiga filin atisaye na gem ɗin, ka ga ko har yanzu kana jin taku. Ka ƙure ta, ka kasa kunne ko akwai wani abu da ke kaɗawa a ciki kamar sukurun da ya kwance, musamman in na hannu ne, domin abin da ke motsi shi yake fara gajiya. Ka bar shi a kanka minti goma cif, ko da mai shago yana tsaki, kuma ku yi magana a gaban shaida cewa in ya ba da matsala cikin kwana uku za ka dawo da shi.